"Wallahi ban gan shi ba": nazarin haɗarin babur a wata mararraba

Maganar farko da direban ya yi, tun kafin a ɗaga ƙanena daga kan kwalta, ita ce: "Wallahi ban gan shi ba." Cikin waɗanda suka taru a wurin babu wanda ya yarda. Rana ba ta faɗi ba, titi a miƙe yake, ba ruwa ba hazo, kuma mutum a kan babur ai ba allura ba ne. Ni ma da aka ba ni labari a asibiti ban yarda ba. Sai da na koma wurin, na zauna a kujerar direban a daidai lokacin da abin ya faru, sannan na gane gaskiya ya faɗa. Wannan gaskiyar ta fi ba ni tsoro fiye da a ce ƙarya ya yi, domin mai ƙarya mutum ɗaya ne, amma abin da ya hana wannan dattijo gani yana cikin idon kowane direba da za ka gamu da shi gobe.

Ni na koya wa ƙanena babur. Ya yi shekara 4 yana hawa bai taɓa faɗuwa ba, ba ya tsere, ba ya kutse tsakanin motoci. Shi ya sa na ɗauki lamarin da zafi, na bi shi daki-daki.

Yadda abin ya faru

Titin mai hannu biyu ne, layi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, kuma dama ake bi. Wajen ƙarfe 5 na yamma ƙanena yana tafiya gabas, rana tana bayansa. A gabansa akwai wata doguwar motar kaya mai rufi, yana bin ta da tazarar da ta kai ta daƙiƙa 2. Ya ce gudunsa bai wuce kilomita 50 a awa ba, wanda shi ne iyakar da aka ƙayyade a wurin, kuma awon da muka yi daga baya bai saɓa da maganarsa ba. Yana tafe ne ta gefen dama na layinsa, kusa da bakin titi, don a ganinsa nan ne ya fi nesa da motocin da ke tahowa. Jaket ɗinsa baƙa, hular kwanonsa baƙa, fitilarsa a kashe.

Daga ɗaya hannun, wani dattijo a ƙaramar mota ya tsaya ya kunna sigina, zai karya hagu ya shiga wani layi, wato zai tsallaka hannun da ƙanena yake kai. Ya jira motar kayan ta wuce. Tana wucewa ya taka totur. Ƙanena ya taka birkin ƙafa, tayar baya ta ƙame ta ja baƙin layi a kan kwalta, babur ya daki motar a saitin tayar gaba ta dama, shi kuma ya tashi ta saman bonet ya faɗi a ɗaya gefen. Ƙashin wuyan kafaɗarsa ya karye, wuyan hannunsa na dama ya tsage. Hular kwanon ta kankare tun daga goshi har gefen kunne. Na ajiye ta, ban jefar ba.

A doka babu gardama, direban ne da laifi. Wanda zai tsallaka hannun wani shi ne zai jira, kuma dattijon bai musa ba. Amma tabbatar da mai laifi bai amsa tambayar da ta dame ni ba: me ya sa mutum mai hankali, mai shekaru yana tuƙi, da ya tsaya ya duba, zai shiga gaban babur?

Komawa wurin

Bayan mako 2 na roƙi dattijon ya raka ni wurin da motarsa. Na zaci zai ƙi. Ya ce mini, "Ɗana, ni ma tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ina so in sani." Muka je da tef ɗin awo, da wani abokina mai babur irin na ƙanena, muka jira ƙarfe 5. Gani ya kori ji.

Na zauna a kujerar direba, motar tana ajiye a gefen titi a kan layi ɗaya da inda ya tsaya ranar. Abu na farko da ya dake ni shi ne rana. Ta yi ƙasa, tana shigowa kai tsaye ta gilashin gaba, duk abin da ke tahowa ya koma inuwa mai duhu. Motoci ana gane su don suna da faɗi. Mai babur da baƙaƙen kaya kuwa ya saje da inuwar gine-gine da bishiyoyin da ke bayansa. Ƙanena da rana ke bayansa yana ganin komai tar, har fuskar direban, sai ya ɗauka shi ma haka ake ganinsa. Akwai alama mai sauƙi da ya kamata in koya masa tun farko ban koya masa ba: in ka ga inuwarka ta miƙe doguwa a gabanka, to duk wanda ke fuskantarka rana ce a idonsa.

Abu na biyu ya fi na farko muni. Na sa abokina ya biyo bayan wata babbar mota, da irin tazarar da ƙanena ya bari, a gefen dama. Daga inda nake zaune babu shi kwata-kwata. Motar ta rufe shi ruf tun daga nesa, bai ɓullo ba sai da ya rage masa kamar mita 50 ya iso. Da ya sake zagayowa ya bi gefen hagu na layin, kusa da tsakiyar titi, na hango shi tun yana can nesa, kafaɗarsa da madubinsa sun leƙo ta gefen motar. Tsakanin wuri na farko da na biyu bai kai mita 2 ba.

Na tambayi dattijon, "Baba, ina kuka duba, kuma yaushe?" Ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce ya duba titin tun motar kayan tana nesa, ya ga babu komai a bayanta. Daga nan ya mai da ido kan layin da zai shiga don akwai masu tafiya a ƙasa. Da motar ta zo wucewa ya sake jefa ido sau ɗaya, bai ga komai ba, ya tafi. To a wannan kallon na ƙarshe ƙanena ya riga ya fito fili. Ido ya sauka a kansa, amma ƙwaƙwalwa ba ta ɗauka ba.

Dalilin da ido ke kallo bai gani ba

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin masu binciken haɗurra. A 1981 Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fitar da sakamakon bincike a kan haɗurran babur 900 da shi da abokan aikinsa suka bi diddiginsu a yankin Los Anjalis na Amurka. Kusan kashi uku cikin huɗu karo ne da wani abin hawa, kuma a biyu cikin uku na waɗannan, ɗaya direban ne ya shiga wa mai babur hannu. Siffar da ta fi maimaituwa ita ce mota ta karya hagu a gaban babur mai tahowa, wato abin da ya sami ƙanena sak. Bayan kusan shekara 20 aka yi irin wannan aiki a Turai, aka nazarci haɗurra 921 a Faransa, Jamus, Italiya, Sifaniya da Holan, aka sake samun cewa babban kuskuren direbobin mota shi ne rashin lura da babur. A Ingila masu babur sun ji "yi haƙuri, ban gan ka ba" har sun gaji, sun taƙaita maganar sun yi mata laƙabi.

Dalilan sun haɗa kai ne, ba ɗaya ba ne. Idan mutum ya juya ido daga wuri zuwa wuri, idon tsalle yake yi, kuma a lokacin tsallen ƙwaƙwalwa ba ta karɓar hoto. Tana ɗaukar wuraren da ido ya tsaya, ta cike tsakaninsu da abin da take zato. Mota tana da faɗin da da wuya ta faɗa cikin wannan giɓi. Babur siriri ne, yana shigewa. Ga kuma ƙarfen da ke riƙe da gilashin gaba ta gefe, wanda shi kaɗai ya isa ya ɓoye mutum da babur ɗinsa.

Sannan mutum abin da yake nema yake gani. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris sun sa mutane kallon bidiyon 'yan wasa suna miƙa wa juna ƙwallo, aka ce su ƙirga sau nawa aka miƙa. A tsakiyar wasan wani sanye da kayan goggon biri ya ratsa ta tsakaninsu. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba. Dattijon nan da ya jefa ido na ƙarshe, tambayar da ke ransa ita ce "akwai mota?" Ido ya ba shi amsar abin da ya tambaya. Binciken Turai ɗin nan ya nuna cewa direbobin da su ma suke da lasisin babur sun fi lura da babur, kuma ban yi mamaki ba, su sun san abin da za su nema.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne na uku, don na gan shi da idona daga kujerar nan. Abin da ke tahowa kai tsaye wurinka ba ya motsi a idonka, girma kawai yake yi. Ƙaramin abu kuma a hankali yake girma, sai ya zo dab sannan ya kumbura lokaci guda. Abokina yana tahowa a miƙe, na san yana gudu, amma na rantse kamar a tsaye yake. Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan wuri kimar idon ce take yaudara: ƙaramin abu ana ɗaukarsa ya fi nisa kuma zai daɗe bai iso ba. Don haka ko direban da ya gan ka sarai yana iya shiga gabanka, yana ganin akwai sauran lokaci.

Daƙiƙa biyun ƙarshe

Baƙin layin da taya ta ja yana nan bai goge ba. Mun auna, kusan mita 7 ne, kuma layi ɗaya ne tak, na tayar baya. Daga bayanin su biyun, lokacin da motar ta fara motsi ƙanena yana da kamar mita 28 tsakaninsa da ita.

Lissafin ba shi da wuya. Mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Wanda abu ya zo masa ba zato yakan ɗauki kamar daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya gane, ya yanke shawara, ya kai ga birki. Mita 21 sun tafi ke nan babur bai rage ko kaɗan ba. Saura 7, su ne na baƙin layin nan. Da birkin baya kaɗai, a mita 7, abin da ya rage daga gudun kaɗan ne, ya daki motar yana kan sama da kilomita 40.

Ko da ya kama birki biyu yadda ya kamata, a busasshiyar kwalta, gwani yana bukatar kamar mita 14 ya tsaya daga 50. In ka haɗa da 21 ɗin farko, 35 ke nan, shi kuwa 28 yake da su. Zai daki motar duk da haka, sai dai da ɗan sauƙi. Amma a ce tun da ya hango mota tsaye da sigina ya saki totur ya sauko 40, ya ɗora yatsu biyu a kan birkin hannu, wato na tayar gaba, yana jiran ta motsa: mai jira yakan amsa cikin kamar daƙiƙa 1, mita 11 ke nan, birki ya ci kamar mita 9, jimla 20. Zai tsaya da sauran fili a gabansa. Kilomita 10 kacal da yatsu biyu, su ne tsakanin karaya da faɗuwar gaba kawai.

A nan ne nake ganin laifina. Na koya masa tuƙi, ban taɓa kai shi fili na sa shi ya yi ta kama birkin gaba da ƙarfi har hannunsa ya saba ba. Yana tsoron birkin gaba, kamar yadda masu babur da yawa suke tsoro, wai zai kifar da mutum. Alhali in aka kama birki nauyi gaba yake komawa, tayar gaba ce ke da yawancin ƙarfin tsayarwa, ta baya kuwa tana yin sauƙi ta ƙame. Abin da ke kayar da mutum shi ne fizgar birkin lokaci guda. A matsa shi a hankali da farko har nauyi ya sauka kan tayar, sannan a ƙara matsawa sosai. Binciken Hurt ma ya ambaci wannan kuskuren, a danne na baya a bar na gaba, kuma ya nuna cewa mai babur yawanci ƙasa da daƙiƙa 2 yake da su don kauce wa karo. A cikin daƙiƙa 2 hannu abin da ya saba kawai yake yi. Birkin ABS, wanda Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin babura masu injin da ya wuce 125cc daga 2016, yana hana taya ƙamewa, amma shi ma sai an kama shi yake aiki.

Da na tambayi ƙanena me ya sa bai rage gudu ba tun da ya ga motar, ya ce, "Yaya, mun fa haɗa ido da shi. Yana kallona." Wannan magana ta tsaya mini a rai. Fuskar direba tana iya fuskantarka alhali hankalinsa yana kan sararin da ke bayanka. Abin da ba ya ƙarya shi ne tayar gaba ta motar. A kalli saman tayar, motsinta ana ganinsa kafin a ga na jikin motar, kuma inda ta karkata nan motar za ta.

Kaya da fitila

Mutane da yawa da suka zo duba shi batun baƙaƙen kayan suka kama, kamar dai da ya sa riga mai ƙyalli shi ke nan. Suna da gaskiya rabi. A wani bincike da aka yi a Okland ta Niyu Zilan, wanda aka wallafa a 2004, masu sa kaya masu ƙyalli ko ɗaukar ido haɗarin jin rauni a karo ya ragu musu da kashi 37 cikin 100, farar hular kwano ta fi baƙa da kashi 24, kunna fitila da rana kuma kashi 27. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma a gwajinmu da abokina ya kunna fitila, da rana a bayansa, bambancin a fili yake: inuwar ta sami ɗigon haske a tsakiyarta. Ƙanena yana kashe tasa ne don kada ƙwan ya mutu da wuri. Na ji takaicin wannan dalili.

Sai dai duk ƙyallin riga ba ya ratsa jikin motar kaya. A ra'ayina, a wannan haɗari wurin da ya zaɓa a cikin layinsa ya fi kayansa cutar da shi. Kuma ina tsoron abin da riga mai ƙyalli take sa wa wasu a rai, su ji ai dole a gan su, su daina shiri. A sa rigar, a kunna fitilar, sannan a tunkari kowace mararraba kamar ba a sa ba.

Ka'idar wuri ɗaya ce: in ba ka ganin direban da zai iya shiga gabanka, shi ma ba ya ganinka. A bayan babbar mota a ƙara tazara, a matsa inda masu jiran shigowa za su hango ka, hagu in haɗarin daga masu tahowa yake, dama in daga layin gefen dama yake. Matsawar ita kanta tana da amfani, domin babur da ya ɗan gusa daga gefe zuwa gefe a cikin layinsa ya daina zama ɗigon da ke tsaye, ido kuwa motsin gefe yake kamawa da sauri. Na sa abokina ya gwada, ya ɗan karkata hagu ya dawo tun yana nesa, nan take idona ya tafi kansa. Amma da an matso kusa a daina, don a lokacin ana bukatar babur a miƙe saboda birki. Da zarar an tabbatar an fito fili kuma, in motar tana nan tsaye da sigina, a ɗan janye daga kusa da ita a bar wa kai wurin kaucewa. Hon ma ba zagi ba ne, ɗan taɓawa kafin a iso ya fi dogon dannawa bayan an shiga gabanka.

Haka abin yake a gefen mota mai tafiya. Daga ƙofar baya zuwa ɗan bayanta madubi ba ya nuna ka, ko dai ka wuce ko ka koma baya, kada ka zauna a nan.

Dattijon ya saurari duk wannan yana tsaye a bakin titi. Da muka gama ya ce shi abin da ya ɗauka biyu ne: ba zai ƙara tafiya da zarar babbar mota ta wuce ba sai ya ga abin da ke bayanta, kuma zai riƙa motsa kansa gaba da baya ya leƙa bayan ƙarfen gilashin, ya tsayar da ido a nesa, a tsakiya, a kusa, maimakon shara ɗaya. Ya ce a gaishe da yaron, ya ce a roƙe shi ya yafe masa.

Ƙanena ya koma kan babur bayan wata 3, da sabuwar hular kwano fara, don wadda ta taɓa shan duka ba a ƙara dogara da ita. Kafin ya hau titi na kai shi wani fili da babu motoci, na ja layi a ƙasa, na ce ya taho da 40 ya kama birki biyu in ya iso layin. A karon farko ya wuce ni da nisa, tayar baya tana kuka. Mun yi ta maimaitawa har hannun da ya tsage ya fara yi masa ciwo, muka tsaya. Mako na uku ya tsaya a mita 10 daga layin, tayoyin biyu ba wadda ta ƙame. Wuyan hannun har yanzu ba ya lanƙwasuwa duka, likita ya ce sai a hankali.